Babi na 7: Sharar Ɗakin Docker

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta gota lokacin da wayata ta yi ƙara. Wani Alhaji ne mai shagon kayan gini, wanda na haɗa wa 'yar manhajar lissafin kaya wata takwas da suka wuce. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, abin nan naka fa tun la'asar ya ƙi buɗewa. Yara sun koma rubutu a littafi." Na ce, "Ka yi haƙuri Alhaji, yanzun nan zan duba." Na jawo laftof na shiga sabar da muke haya, ƙarama ce mai diski giga 25. Duk abin da na taɓa, amsa ɗaya ake dawo mini da ita: `no space left on device`. Wato wuri ya ƙare. Na buga `df -h`, ya nuna diskin ya cika maƙil, kashi 100 cikin 100.

Abin ya ɗaure mini kai. Duka bayanan shagon, da sunayen kaya da farashi da bashin da ake bin 'yan kwangila, ba su kai rabin giga ba. Sai da na bi manyan folda ɗaya bayan ɗaya da umarnin `du` sannan na kama ɓarawon a `/var/lib/docker`, inda Docker yake jibge kayansa. Wata takwas ina gyara manhajar, ina sake ginawa, ina ɗorawa, ashe kowane tsohon gini yana nan kwance inda na bar shi. A daren nan na san cewa Docker ba ya zubar da komai sai an ce masa ya zubar.

Wannan hali nasa da gangan aka yi shi. Tun da Solomon Hykes ya fara nuna Docker a taron PyCon na Santa Clara a Amurka, cikin watan Maris na 2013, lokacin kamfaninsu yana amsa sunan dotCloud, tsarin ya fi son ya ajiye abu a kan ya jefar da wanda za a zo ana nema. Kusan shekara huɗu masu amfani da shi suka yi ba su da tsintsiya ta kirki. Sai dai mutum ya haɗa umarni biyu, ya cusa ɗaya a cikin ɗaya, irin wannan:

`docker rm $(docker ps -aq -f status=exited)`

Na ciki yana tattaro lambobin kwantenonin da suka tsaya, na waje yana gogewa. Har yau yana aiki, kuma har yau za ka gan shi a hannun waɗanda suka daɗe a sana'ar. A watan Janairu na 2017 ne Docker 1.13 ya fito da umarnin `prune`, kalmar da asalinta daga lambu take, sassabe rassan itacen da ba su da amfani. Daga nan shara ta yi sauƙi. Ta ma yi sauƙin da ya sa mutane suke share abin da ba shara ba ne, kuma wannan shi ne abin da ya sa na ba wa maganar babi guda.

Imej kamar akwatin buga bulo yake, kwantena kuma shi ne bulon da aka buga. Imej a daskare yake, ba ya canzawa. Idan aka tayar da kwantena daga cikinsa, Docker yana shimfiɗa masa wani siririn bene a sama, inda duk abin da ya rubuta yayin aiki yake sauka. Kwantena ya gama aiki ya tsaya, wannan benen bai tafi ko'ina ba. An bar shi ne don ka iya karanta abin da ya faɗa kafin ya mutu da `docker logs`, ko ka kwaso wani fayil daga cikinsa da `docker cp`, ko ka sake tayar da shi daga inda ya tsaya. Matsalar ita ce ba ka ganinsa. Idan ka buga `docker ps`, masu rai kawai zai nuna maka. Sai ka ƙara `-a` sannan maƙabarta take buɗewa: layi bayan layi, kowanne da `Exited` da adadin watannin da ya yi a kwance. A sabar Alhaji na ƙirga sama da sittin. Yawancinsu ban ma gane su ba, saboda idan ba ka raɗa wa kwantena suna ba, Docker yana laƙaba masa nasa, ya ɗauko wata siffa ya haɗa da sunan wani masanin kimiyya. Wani abin dariya, a cikin lambobin da ke haɗa sunayen nan an hana haɗin `boring_wozniak` fitowa, wai don Steve Wozniak, wanda suka kafa Apple da Steve Jobs, ba mutum ne mai gundura ba.

Kafin mutum ya ɗauki tsintsiya, ya kamata ya kunna fitila. Fitilar ita ce:

`docker system df`

Zai fito maka da layi huɗu: imej-imej, kwantenoni, rumbunan bayanai da Docker yake kira `volumes`, sai kuma tarkacen gini. Kowane layi yana nuna yawansu, nawa ne suke kan aiki, girmansu, sai shafin ƙarshe mai suna `RECLAIMABLE`, wato wurin da za ka samu idan ka share. Wannan shafin na ƙarshe shi yake ruɗin mutane. Mutum ya ga giga 14 a wurin, diskinsa a cike, mai gida yana kira, ai hannunsa har ƙaiƙayi yake yi.

To a nan ne gizo yake saƙar. Idan Docker ya ce ba a amfani da abu, abin da yake nufi shi ne a wannan daƙiƙar babu wani abu da yake jingine da shi. Shi ke nan. Bai san cewa kwantenan nan da ya tsaya shi ne mai fitar da albashi a ƙarshen wata ba. Bai san cewa imej ɗin nan ka kwana kana gina shi kuma babu kwafinsa a ko'ina ba. Mai shara ne da aka ɗauko daga wani gari, aka ce masa duk abin da ba a riƙe da shi a hannu ya kwashe. Idan ya tarar da tabarmar sallah a naɗe a jingine, za ta tafi tare da ɓawon gyaɗa.

Saboda haka ni ina bin kayan ne daga wanda asararsa ba ta da zafi zuwa wanda babu madadinsa, kuma ina tsayawa da zarar wurin da na samu ya ishe ni.

Kwantenonin da suka tsaya su ne na farko. Idan ɗaya ne, `docker rm` da sunansa ko farkon lambarsa ya wadatar. Idan gayya ce:

`docker container prune`

Zai yi maka gargaɗi cewa duk wanda ba ya gudana zai tafi, ya tambaye ka ko ka tabbata, kuma idan ka danna shiga kawai ba ka rubuta `y` ba, yana ɗauka a'a ka ce. Ana iya taƙaita masa hannu da `--filter "until=24h"`, don ya ƙyale na kwana ɗaya da ya wuce. Sai dai a kula, ranar haihuwar kwantena yake dubawa, ba ranar da ya tsaya ba. Wanda aka ƙirƙira bara, ya yi ta aiki har zuwa minti biyar da suka wuce, a wurin wannan matacin tsoho ne, zai tafi. Maganin tarin kwantenoni tun daga tushe kuwa shi ne `--rm`. Duk kwantenan da ka tayar don ɗan gwaji, ka rubuta `docker run --rm`, yana gama aiki zai kwashe shimfiɗarsa da kansa. Da na saba da wannan tun farko, da rabin maƙabartar nan ba ta samu ba.

Dalilin farawa da kwantenoni ba tsari ne kawai ba. Kwantenan da ya tsaya yana riƙe da imej ɗin da aka buga shi daga ciki. Ka ce `docker rmi` a kan wannan imej, Docker zai ƙi, ya ce maka wani tsayayyen kwantena yana amfani da shi. Ana iya tilasta shi da `-f`, amma ban cika son haka ba. Idan ƙofa ta ƙi buɗuwa, gara a duba abin da ya tokare ta kafin a sa kafaɗa.

Imej-imej su ne masu cin wuri, kuma iri biyu ne a idon mai shara. Iri na farko na fi jin daɗin kiran su tuɓaɓɓu. Ga yadda suke samuwa. Ka gina manhajarka ka sa mata laƙabi, a ce `shago:latest`. Gobe ka gyara layi ɗaya ka sake ginawa da wannan laƙabin. Laƙabi rawani ne, kai ɗaya yake hawa. Sai Docker ya tuɓe shi daga kan na jiya ya naɗa wa na yau. Na jiya bai mutu ba, yana nan da duka nauyinsa, sai dai ba shi da suna. Idan ka buga `docker images -a` za ka gan shi da `<none>` a gurbin suna, `<none>` a gurbin laƙabi. Wanda yake gini sau biyar a rana, a wata guda ya tara tuɓaɓɓu fiye da ɗari. Umarnin

`docker image prune`

su kaɗai yake kwashewa, kuma da wuya ka yi da-na-sani a kansu. Abu ɗaya kawai: idan ginin yau ya zo da matsala kana son komawa na jiya, to na jiyan yana cikin tuɓaɓɓun nan. Shi ya sa masu hankali suke ba kowane gini laƙabinsa na daban, lamba ko kwanan wata, maimakon su bar rawani ɗaya yana yawo.

Kada ka yi mamaki idan ka goge imej mai giga ɗaya, Docker ya ce maka megabait 40 kawai ka samu. Imej hawa-hawa ake gina shi, kuma imej goma suna iya zama a kan harsashi ɗaya. Idan dukkansu a kan Ubuntu ko Node aka ɗora su, harsashin sau ɗaya yake a diski, amma `docker images` yana ƙirga wa kowanne shi a cikin girmansa. Ka rushe bene na sama, harsashin yana nan tunda maƙwabta suna kai. Mai son ganin gaskiyar lissafin ya buga `docker system df -v`, zai raba masa abin da imej yake tarayya da wasu a kai da abin da yake nasa shi kaɗai.

Iri na biyu su ne masu suna da laƙabi, lafiyarsu ƙalau, sai dai babu kwantenan da ke kansu a yanzu. Waɗannan sai an ƙara harafi ɗaya:

`docker image prune -a`

Wannan `-a` ɗin ya taɓa cin kuɗina. Ana gobe zan yi tafiya, na ga laftof ɗina ya cika, na share kwantenoni, na bi da `-a`, na ga an dawo mini da wuri mai yawa, har ina yaba wa kaina. Washegari na sauka a inda babu waya-fai, sai datar wayata, ga aiki yana jira. Na ce a tayar da manhaja, Docker ya fara jawo Postgres daga farko, ya jawo Node, wanda cikakkensa ya kai kusan giga ɗaya idan ya sauka a diski, ya jawo sauran. Netwok yana zuwa yana ɗaukewa. Kafin azahar datar da na saya ta wata ta tafi. Yawancin masu rubuta shawarar "share duka, ai za ka sake saukewa" suna zaune ne a inda intanet yake kamar ruwan famfo, ba a ƙirga shi. Wanda yake sayen data giga-giga dole lissafinsa ya bambanta: wurin diski da ya samu, da kuɗin data ya saye shi. Ko a inda intanet ɗin yake da arha ma akwai iyaka, domin tun watan Nuwamba na 2020 Docker Hub ya sa ƙa'ida a kan yawan saukewa. A lokacin, sau 100 ne cikin awa shida ga wanda bai shiga da asusu ba, sau 200 ga mai asusun kyauta. Ofishin da kwamfutoci da yawa suke fita ta adireshi ɗaya yana iya cinye rabonsa kafin a tashi aiki.

Wannan duk asarar kuɗi ce da lokaci. Wadda ta fi ta ita ce imej ɗin da kai ka gina a kwamfutarka ba ka tura shi ko'ina ba. Za ka ce ai Dockerfile yana nan, sai in sake ginawa. Haka ne, amma harsashin da ka ɗora a kai wata shida da suka wuce wataƙila an naɗa wa wani rawaninsa, ƙananan manhajojin da ginin yake jawowa su ma sun canza, abin da zai fito ba lalle ya zama irin na da ba. Idan imej yana da daraja a wurinka, ko dai ka tura shi ma'ajiya da `docker push`, ko ka naɗe shi cikin fayil guda da `docker save` ka ajiye a filashi. Ranar buƙata `docker load` zai dawo da shi ba tare da ka taɓa data ba.

Tarkacen gini ba ya buƙatar dogon bayani. Tun Docker 23.0 da ya fito a 2023, BuildKit ne magini na asali a Linux, kuma yana ajiye sakamakon kowane mataki a gefe don gini na gaba ya yi sauri. Yana kumbura ƙwarai a injin da ake yawan gini. `docker builder prune` yana kwashe shi, kuma abin da za ka biya kawai shi ne ginin farko bayan shara zai ɗauki lokaci, ya kuma sake jawo abin da zai jawo.

Akwai umarnin da ya haɗa duka waɗannan a shara ɗaya, shi ne wanda kowa ya haddace:

`docker system prune`

Yana ɗauke tsayayyun kwantenoni, da hanyoyin sadarwar cikin gida da babu kowa a kansu, da tuɓaɓɓun imej-imej, da tarkacen gini. Kafin ya fara yana jera maka abin da zai taɓa. Ka karanta jerin nan, ko da ka karanta shi sau ɗari. Abin da ba ya taɓawa sai ka ce masa shi ne rumbu, kuma yadda aka kai ga haka ma darasi ne. A fitowarsa ta farko har rumbuna yake haɗawa. Daga Docker 17.06.1 aka raba, aka ce sai ka rubuta `--volumes` da hannunka. A 23.0 aka sake ja da baya: `docker volume prune` ya koma share rumbunan da ba su da suna kawai, masu suna sai ka ƙara `--all`. Sau biyu ana janye hannun mai shara daga wuri ɗaya, ka san an yi kuka a wurin.

Rumbu shi ne inda bayanan da ake so su rayu bayan mutuwar kwantena suke zama. Imej ana sake sauke shi, kwantena ana sake buga shi, amma abin da ke cikin rumbu mutane ne suka shigar da shi da yatsunsu, rana bayan rana. Kuma janyewar da aka yi a 23.0 ba ta rufe ramin duka ba, domin rumbu marar suna ma yana iya ɗauke da dukiya.

Wani ƙanena a sana'a ya faɗa wannan ramin. Ya tayar da Postgres don wata manhajar rajistar ɗalibai, bai haɗa masa rumbu mai suna ba. Shi a zatonsa bayanan suna cikin kwantena. Alhali imej ɗin Postgres, kamar na MySQL, an rubuta a cikinsa cewa wurin ajiyar bayanansa rumbu ne. Idan ba ka ba shi naka ba, Docker yana ƙirƙira masa ɗaya a ɓoye, ya sa masa suna mai haruffa da lambobi 64 da babu mai iya karantawa. Abu ya yi ta aiki lafiya wata da watanni. Ran nan aka sake kunna sabar, kwantenan bai tashi da kansa ba saboda ba a sa masa dokar tashi ba. Yaron ya shiga ya ga manhaja ba ta aiki, ya ga diski ya kusa cika, ya ɗauka cikar ce ta jawo. Ya kwafo layin da ya taɓa gani:

`docker system prune -a --volumes -f`

Dubi yadda abin ya bi. Kwantenan Postgres a tsaye yake, don haka shi aka fara ɗaukewa. Yana tafiya, rumbunsa ya zama babu mai riƙe da shi, kuma ba shi da suna, sai aka bi da shi. Imej ɗin ma ya bi su, tunda `-a` tana nan. Ita kuwa `-f` aikinta ta hana a tambaye ka, saboda haka ko gargaɗin bai gani ba. Duka abin bai ɗauki minti ɗaya ba, a ƙarshe ma aka rubuta masa yawan wurin da ya samu kamar an yi masa albishir.

Ya kira ni murya tana rawa. "Yaya, akwai yadda ake dawo da abin da `prune` ya goge?" Na ce, "Kana da kwafin ajiya?" Ya yi shiru. Na ce, "To kashe sabar tukuna, kada a rubuta komai a kan diskin." A layin umarni babu kwandon shara da za ka buɗe ka ɗauko abin da ka jefa. Abin da ya cece shi, rabi-rabi, shi ne wani kwafi da ya taɓa fitarwa da `pg_dump` mako uku kafin nan don ya gwada wani abu a laftof ɗinsa. Rajistar mako uku kuwa sai da aka sake bin takardu aka shigar da hannu.

Tun daga ranar ba na goge rumbun da ban leƙa cikinsa ba. Leƙawar ba ta da wuya. `docker volume ls -f dangling=true` zai jera waɗanda babu kwantena a kansu. `docker volume inspect` zai gaya maka ranar da aka ƙirƙiri kowanne da inda yake a diski. Sannan ka tayar da ɗan ƙaramin kwantena na Alpine, wanda bai kai megabait goma ba, ka ɗaura masa rumbun ka duba:

`docker run --rm -v sunan_rumbu:/duba alpine ls -la /duba`

Idan ka ga fayil mai suna `PG_VERSION` da folda `base`, to databes ɗin Postgres ne a gabanka, ka nemi mai shi kafin ka taɓa. Masu amfani da Compose su ma su kula da nasu tarkon: `docker compose down` yana rushe kwantenoni ya bar rumbuna, amma `docker compose down -v` har rumbuna masu suna da aka rubuta a fayil ɗin yake haɗawa. Harafi ɗaya ne tsakaninsu.

Akwai masu sa sharar nan a jadawalin `cron` ta riƙa gudana da kanta kowane dare. Ba laifi ba ne, manyan tsare-tsare ma haka suke yi. Kubernetes yana fara kwashe tsofaffin imej-imej idan diski ya kai kashi 85, ya dakata idan ya sauko 80. Ni dai abin da nake yarda inji ya share ba na wurin shi ne tuɓaɓɓu da tarkacen gini. Kwantenan da nake so a ƙyale ko ya tsaya, ina manna masa alama tun wajen tayarwa da `--label ajiye`, sannan in ce wa mai shara `--filter "label!=ajiye"`. Rumbu kuwa ba ya shiga jadawali ko da wasa. Mai amfani da Podman zai tarar da kusan duka umarnan nan da irin sunayensu. Mai Docker Desktop a Windows kuma kada ya yi mamaki idan ya share giga goma amma diskinsa bai nuna ba: kayan suna cikin wani babban fayil na diskin kwaikwayo ne, wanda yake kumbura da kansa amma ba ya saurin saɓewa, sai an matse shi daban.

Abu ɗaya da nake roƙon mai karatu kada ya yi, komai matsuwa: shiga `/var/lib/docker/overlay2` da `rm -rf`. Manyan foldodin da ke ciki su ne hawa-hawan imej-imej da kwantenoni, kuma Docker yana da nasa littafin da ya rubuta wane yana kan wane. Ka cire ɗaya ta bayan gida, littafin bai sani ba, sai ka wayi gari kwantenoni suna ƙin tashi da kurakuran da ba su da kai balle gindi.

Mu koma sabar Alhaji. A daren nan na share tsayayyun kwantenoni, na share tuɓaɓɓu, na samu wajen giga tara, manhaja ta tashi. Amma da na sake auna `/var/lib/docker`, sai na ga har yanzu akwai giga bakwai da `docker system df` bai ambata ba ko kaɗan. Na ci gaba da tono har cikin folda `containers`, na tarar da fayil guda mai ƙarewa da `-json.log`. Duk abin da kwantena ya furta yayin aiki, Docker yana rubuta shi a irin wannan fayil, kuma a tsarinsa na asali bai sa masa iyaka ba. Ni kuma na manta na bar manhajar a yanayin gwaji, tana ba da labarin duk motsin da ta yi, kowane buhun siminti da aka duba farashinsa sai ta rubuta layi ashirin. Babu `prune` ɗin da zai taɓa wannan fayil, tunda kwantenan yana raye. Na sauke shi zuwa sifili da `truncate -s 0`, na buɗe `/etc/docker/daemon.json` na sa `max-size` a `10m`, `max-file` a `3`, wato fayil uku masu megabait goma-goma, sabo yana ture tsoho. Na sake kunna Docker, sannan na rushe kwantenan na sake buga shi, domin sabuwar dokar ba ta hawa kan waɗanda aka riga aka ƙirƙira. Kafin in rushe shi sai da na duba sau biyu cewa bayanan shagon suna cikin rumbu mai suna.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare `df -h` ya nuna kashi 34. Da safe na kira Alhaji na ce komai ya daidaita. Ya ce, "Madalla. To me ya same shi?" Na ce shara ce ta taru ta toshe ƙofa. Ya yi dariya ya ce, "Kwamfuta ma tana tara shara?" Sannan ya ce bari ya sa yara su ɗauko littafin jiya, su shigar da cinikin da aka yi daga la'asar zuwa magariba kafin masu saye su fara zuwa.